Neman Baiti na Uku a Bayan Rijau

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fito, na bar Mama kwance. Wata huɗu ke nan da ɓarin jikinta ya shanye, ko uffan ba ta ce ba. Sai dai takan rera wata waƙar coci ta hanci, baiti biyu, in ta zo na uku ta tsaya tana hawaye. Waƙar ba ta cikin littafi. Matan zumuntar cocinmu suka ce wata tsohuwa ce ta tsara ta, Kaka Saratu, a wani ƙauye bayan Rijau.

Kontagora zuwa Rijau

Motarmu ta tashi bakwai saura kwata. Dawa ta fitar da kai hagu da dama, ina gyangyaɗi waƙar na yawo a kaina. A shinge na biyu soja ya leƙo.

"Madam, ina zuwa?"

Direba ya riga ni: "Waƙa ta ɓace mata, yallaɓai."

Sha ɗaya muka isa. Na ci waina da miya, ɗan acaba ya yi minti arba'in da ni cikin gonaki.

Gidan Kaka Saratu

Na same ta gindin tsamiya, idonta ya dushe. Ta saurare ni tsaf.

"'Yata, ban taɓa riƙe alƙalami ba. A kan dutsen niƙa waƙoƙin suke zo mini."

Surukarta ta kawo gero. Tsohuwa ta durƙusa tana niƙa, muryarta na bin dutsen. Baiti biyu suka wuce, ta ƙara gero ta yi ta niƙa, sannan ta ɗaga murya: "Na zuba hatsina gabanka, Yesu, sheƙe ƙaiƙayin, ka bar ni." Na ɗauka a waya. A gidan fasto na kwana.

Komawa gida

Washegari ƙarfe uku na rana na shigo, ko takalmi ban cire ba na kunna wa Mama. Ta lumshe ido har aka zo baiti na uku. Sai ta ɓata fuska, bakinta ya motsa.

"Ba haka ba ne. Saratu ta tsufa."

Da harshe mai nauyi ta rera na ainihin, kalma bayan kalma, ni kuwa na zube ƙasa ina kuka. Ashe Kaka Saratu ta manta ne, ta ƙaga mini sabo nan take.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Na kuma gode wa Kaka Saratu da mantuwarta.