Hanyar Auta ta Cikin Bango

Shin daidai na yi ranar da na ce a goge? Har yau ban samu amsa ba, kuma ranar nan ba za ta fita daga raina ba sai an rufe ni da ƙasa. Ban yi karatu ba. Jikata ce ke rubutawa ina faɗa, in na yi shiru ta jira ni.

Autanmu ne ya kawo akwatin wasa gidanmu a Tanut. Ana haɗa shi da tele, a riƙe wani abu mai maɓallai da suke ce wa manet, sai wani ɗan mutum ya yi ta gudu cikin gari da duwatsu har ya kai wata babbar ƙofa. Auta ba ya tsayawa kallon komai a hanya. Ya ce mini akwai mutane a ƙasashe da yawa da ke gasar wanda zai fi saurin kai ƙarshe, shi ma yana cikinsu. Ya san wani lungu bayan wata rijiya cikin wasan, inda masu ƙera shi suka yi kuskure. In ka juya baya ka yi tsalle daidai, sai ka ratsa bango ka ɓullo kusa da ƙofar. Malam, mai gidana, tsohon direban kamyo ne, babbar motar kaya, a hanyar Agadas, ƙafafunsa sun riga sun daina ɗaukarsa. Yana daga tabarma yana ce masa, "Kai ɓarawon hanya! Mu da muka bi rairayi da gaskiya fa?" Auta ya ce, "Baba, ko kai ka sha kewaye shinge." Su yi ta dariya.

Auta ya tafi arewa wajen haƙar zinariya, mota ta kife da su. Gawarsa ma ba mu gani ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, wata rana da hantsi na ga Malam ya jawo manet. Yatsunsa sun sandare, amma ya nace, kullum in rana ta bugi sola muka samu wuta sai ya zauna. Yana son ya ratsa bangon nan ko sau ɗaya. Ni kuwa abin da nake kallo daban ne. In an kunna, ɗan mutumin da Auta ya shirya ne ke fitowa, da shuɗiyar riga irin wadda yake so. In an bar shi tsaye sai ya sosa ƙeya, kamar yadda yaron ke yi in na kama shi da hannu cikin tukunya. Nakan ajiye tsintsiya in zauna kawai don in ga ya sosa ƙeyar.

Da zafi ya tsananta, akwatin ya fara gurnani. Na sa shi cikin kwando na kai wa wani mai gyaran waya a kasuwa, mutumin kirki mai kamar shekarun Auta. Ya share shi tas. Sannan, kamar yadda yake yi wa duk mai kawo masa kaya ba tare da an roƙa ba, ya haɗa shi da rezo, wato intanet, ya sa wa wasan sabon zubi, abin da suke kira mizajur. Ya miƙo mini yana murmushi, ya ce, "Inna, na mayar miki da shi sabo fil."

Malam ya kai ɗan mutumin bayan rijiya, ya tarar lungun ya sauya, ya yi tsalle, bango ya maido shi. Ya sake, ya sake. Masu ƙera wasan sun toshe kuskurensu cikin sabon zubin. Ya juya fuska ga katanga. Daga ranar ya rage cin abinci.

Na koma kasuwa na taho da mai gyaran har gida. Ya durƙusa ya gaida Malam, ya ji bayani, ya dafe kai. Ya ce, "Baba, wallahi alheri na nufa." Malam ya ce, "Na sani, ɗana. Ka cike mini ramin da nake shan ruwa ne kawai. Ana komawa baya?" Ya ce ana komawa. Sai an share wasan gaba ɗaya, a raba akwatin da rezo, a sake ɗora shi daga faifan asali, wanda ke ɗauke da tsohon zubi. Sannan ya dube ni ya sassauta murya. Ya ce abin da Auta ya ajiye cikin wasan, ajiyar ta riga ta koma sabon zubi, tsohon ba zai iya buɗe ta ba. Mai shuɗiyar riga zai tafi.

Malam ya ce, "Tsohuwa, ke kika haife shi. In kin ce a bari, an bari."

Na ce a kunna mini tukuna. Ya fito, ya tsaya, na jira har ya sosa ƙeya. Na dubi Malam, wuyansa ya yi siriri cikin riga. Na ce, "Goge." Na fita tsakar gida na kama daka, alhali babu abin da nake bukatar dakawa.

Wanda ya fito bayan nan baƙo ne, da riga ruwan ƙasa, ban san shi ba. Amma lungun ya buɗe. Malam ya sha faɗuwa, damina ta shigo yana nan yana fama. Wata rana bayan la'asar ina tankaɗe na ji ya ƙwala mini kira. Na shigo na tarar da ɗan mutumin tsaye gaban babbar ƙofa, Malam yana dariya hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Na bi ta inda ya bi! Ashe nan yake wucewa, ɗan banza." Ranar ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Abin da na koya shi ne, ba duk abin da ya lalace ne ke son a gyara shi ba, kuma kafin ka sabunta wa mutum kayansa ka tambaye shi abin da ya ajiye cikin tsohon. Amma ko musanyar da na yi daidai ce, wannan Allah ne ya sani. Akwai safiyar da nake tashi ba abin da nake so sai in ga sosa ƙeyar nan.

Malam bai ga kakar bana ba. Ranar da zai cika, da safe na ɗaga kansa ina ba shi kunu. Ya kurɓa kaɗan, ya ture kofin, ya nuna akwatin da ido, ya ce, "Tsohuwa, kada ki bari a haɗa shi da rezo. Bar wa yaron hanyarsa a buɗe."