Gatarin Aradun Inna

Tun ina ƙarami na san akwai wani baƙin dutse a ƙarƙashin rumbun Inna, sumul, mai baki kamar na gatari. Gatarin aradu ake ce masa. An ce tsawa ce ke jefo shi daga sama, kuma duk rumbun da yake ƙarƙashinsa aradu ba ta faɗa masa. Daga uwarta ta gada. Ko kaza ta raɓi wurin sai ta sha jifa.

Ni kuwa kabu-kabu nake yi tsakanin Gummi da ƙauyukan bakin gulbi, a shekarun da kowa ya ruɗe da haƙar zinariya. Akwai wani tsohon malamin firamare da nake ɗauka, wanda ya mai da zaurensa ɗakin ajiye kayan tarihi. Mutane na tonon arziki, shi yana bin ramukansu yana tsintar fasassun tukwane! Na sha yi masa dariya. Rannan dai bakina ya ja mini, na ce ai mu ma muna da irin dutsen da yake nema, har na ce ya ɗauka ya samu.

Da na gaya wa Inna, sai da ta ajiye taɓarya.

"Mi kac ce? Gatarin uwata? In aradu ta cinye mini gero, malamin naka zai ciyar da ni?"

Raina ya ɓaci, don na riga na yi alkawari a gaban dattijo. Kwana uku muna ja. Daga ƙarshe ta ce za ta je ta gani da idonta, amma dutsen a ɗaure yake a bakin zanenta, kuma da shi za ta dawo.

Muka je da hantsi, damina ta soma. Malam ya jera kayansa a kan allunan katako, tun daga na ƙasan rami har na sama: duwatsun wuya, kashin ƙarfe na tsoffin maƙera, tukwane masu zanen igiya. Ya ce garin nan ya zauna ya tashi a bakin ruwan nan sau da yawa kafin a san sunansa. Can ƙurya kuma ga irin dutsen Inna, birjik, manya da ƙanana. Ta tsaya turus.

"Duk wanga aradu ce taj jefo?"

Malam bai yi gardama ba. Ya ce, "Hajiya, zo ki duba nan." Ya nuna mata wani faffaɗan dutse da aka ciro daga gaɓar gulbi, duk jikinsa kwarin gugi, dogaye, masu santsi. Ya ce a nan mutanen da suka riga ƙarfe zuwa suke wasa gatarinsu.

Inna ta durƙusa. Mace ce da ta yi shekara hamsin tana niƙa a dutse, ba wanda zai koya mata gugi. Ta bi kwarin da yatsa. Ta kwance bakin zane, ta ɗora nata a ciki, ta tura gaba, ta jawo baya. Ya zauna daram. Wallahi sai na ji na zama ɗan mitsitsi, ni da babur ɗina da surutuna.

"Wayyo, bawan Allah," in ji ta, ba da mu take ba. "Wanga ba aikin wata guda ba ne. Bayanka ya yi ciwo."

Ta jima a durƙushe. Da ta miƙe ba ta ɗauka ba. Na ce, "Inna, dutsenki." Ta harare ni ta ce na cika baki, mutum ne ya yi abinsa, a bar masa a inda ya yi shi.

A hanyar komawa hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Aka sako wata tsawa har babur ya girgiza. Na ji ta damƙe mini riga. Kunya ta kama ni, ga geron shekararta can ba komai a ƙarƙashinsa, kuma ni na jawo. Na rage gudu na ce mu juya in karɓo mata, malam ba zai hana ba.

Ba ta saki rigar ba. Ta ce, "Tuƙa mu tai gida, ɗan nan. Rumbu na da Mai tsaronsa."