Ranar da Likita Ya Leƙa Bakin Bawa

Abubuwa da yawa na aikin nan sun fita kaina, ban da ranar da likita ya leƙa bakin Bawa masinja. An ce in rubuta wani abu saboda ku sababbin malaman ɗakin magani da ake turowa daga Sakkwato. To ga shi. Ni ba mai dogon karatu ba ne. Elementare na yi, sai 'yan watanni na koyon ɗaurin gyambo da awon kwinin, daga nan aka ajiye ni Tambuwal aka manta. Waɗanda na koya wa riƙon almakashi, yau su nake miƙe wa tsaye in sun shigo. Ba shi ne labarin ba, amma gara ku san mai magana.

Bawa masinjan En'e ne, wato hukumar gargajiya. Aikinsa ɗaukar jakar takardu daga Tambuwal zuwa Kebbe, ya komo da wata, duk a ƙasa. Ni da shi 'yan Kebbe ne, unguwa ɗaya, kuma wuƙa ɗaya aka yi mana kaciya. In damina ta yi nisa gulbi ya cika, ba kullum ake samun jirgi ba, takardun kuwa ba a yarda su kwana ko su jiƙe ba. Sai ya ɗora jakar a ka, ya kifa ƙirjinsa bisa gora, ya ciji igiyar jakar da haƙora don hannuwansa su samu iyo. Shekara da shekaru haka. Ku haɗa da abin da duka muke ci, garin gero da tsakuwar dutsen niƙa a ciki, da kunun tsamiya. Haƙoransa na gaba suka cinye, suka gajarce, samansu ya yi sumul kamar an goge da magagari.

Ba su ruɓe ba. Ba kumburi, ba jini, ba abin da za a nuna wa mutum. Amma ruwan randa in ya taɓa su, sai ka ga ƙato ya runtse ido ya dafa bango. Kurkurar baki a alwalar asuba ta zame masa aiki. Rake da goro ya bar su tuni. Dariya ma ya rage, don iska tana shiga, mutane suka ce aikin Bature ya sa masa girman kai. Mafi muni a gidan surukinsa aka yi. Mutanen masu shanu ne, suka kawo masa fura da nono mai tsami a sabuwar ƙwarya, ya kai baki ya ajiye. Tsohon ya ɗauka ko raini ne, ko tsoron sammu, ya daina amsa gaisuwarsa a kasuwa. Bawa bai yi bayani ba. A wurinmu ruwan ɗumi na maijego ne da tsofaffi. Namiji mai ƙetare gulbi ba zai ce ruwan sha ya fi ƙarfinsa ba. Ni kaɗai ya gaya wa, ni kuwa ba a koya mini komai game da haƙori ba sai cewa likita ke cire shi.

Bayan an gama yaƙin duniya da 'yan shekaru, aka aiko cewa za a tabbatar da ƙananan ma'aikata, wato masinjoji da masu gadi da leburorin hanya. Ga yadda abin yake ga wanda bai sani ba. Likita Bature zai zo rangadi ya duba kowa, ya faɗi abu biyu: ko mutum lafiyayye ne, da kuma shekarunsa. Tun da ba mai takardar haihuwa, kintace yake yi. Ya dubi furfura, ya dubi tafiya, in ya yi shakka ya sa a buɗe baki, yadda ake yi wa sa a kara. Wanda aka ce ya wuce shekarun aiki, sallama. Ni ke tsayawa tsakani ina fassara.

Da safe kafin likita ya fito daga bariki, na ja Bawa bayan ɗakin magani.

Na ce, "Ka ji ni da kyau. In ya tambaye ka ina ke ciwo, ka ce babu. Bakin nan ka rufe shi."

Ya ce, "Garba, wanga fa shi na babban likita. Kai ɗan ɗaurin gyambo na."

"Na ji. Ɗan ɗaurin gyambon dai ya ce ka rufe baki."

"Ruwa nika so in sha awa kowa. Laifi na?"

"Ba laifi ba ne. Ka bari a tabbatar da kai tukun, sannan ka yi ta sha."

Ya ce to. Irin to ɗin da jaki zai ce da yana magana.

Aka jera ma'aikatan a inuwar ɗakin magani. Da aka zo kan Bawa, likita ya ƙwanƙwasa ƙirjinsa, ya sa abin sauraro, ya matsa ƙwaurinsa, ya ce ya tsuguna ya tashi. Ya gyaɗa kai ya ce mutum ne mai ƙarfi. Ba furfura ko ɗaya, don haka bai nemi ganin baki ba. Har ya ɗaga hannu a kira na gaba. Bawa ya tsaya.

"Garba, faɗa mishi."

"Wuce, an gama da kai."

"In ba ka faɗa mishi ba, ni ka nuna mishi da kaina."

Likita ya tambaye ni me yake cewa. Na ce godiya yake yi. Ban rufe baki ba Bawa ya wangale nasa, ya sa yatsa yana nuni.

Likita ba mugun mutum ba ne, kada ku ce na ce. Ya ja shi wurin haske, ya duba a tsanake. Ya ɗauko ɗan ƙarfe ya taɓa haƙori ɗaya. Bawa ya zabura har ya ture kwanon wanke hannu, hawaye suka zubo masa a gaban leburori. Likita ya ce in gaya masa ɓawon haƙoran mai tauri ya ƙare, abin da ke ciki ya fito fili, kuma ba ya tsirowa. Ko a cire su duka, ko ya haƙura. Ya bar tsami, ya bar cizon igiya, in zugi ya tashi ya ɗiga man kanumfari a auduga ya danna. Kanumfari dai da kuka sani, wanda mata ke saye a kasuwa su zuba a kunu.

Sannan ya ce mutumin nan ya haura sittin.

Na ce, "Ranka ya daɗe, sa'ana ne. Bai kai hamsin ba. Rana ɗaya aka yi mana kaciya."

Ya ce akwai shaida?

Na ce akwai, amma ba irin wadda ake nunawa a ofis ba ce.

Bai yi dariya ba. Ya ce duk garin da ya sauka, in aiki zai kuɓuce, kowa sa'an kowa ne. Ya ce shi abin da ya gani zai faɗa, kuma bai taɓa ganin baki irin wannan a kan ɗan arba'in ba. Na ce igiya ce. Ya ce to igiyar ta tsufar da shi. Ya kira na gaba.

Bawa ya tambaye ni, "Mi yac ce?"

Na ce, "Ya ce kanumfari. Ya kuma ce ka girmi babanka."

Kafin kaka sallamarsa ta zo. Aka ba wani jakar, mutum mai haƙora farare reras, wanda bai iya iyo ba. In gulbi ya cika sai ya zauna a gaɓa shi da takardun su jira jirgi. Ba wanda ya ce uffan, ashe dama takardun suna iya kwana.

Da rani aka tura ni Kebbe yin lambar rigakafi, na biya gidansa. Na iske shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya, ya rame, riga ta yi masa yawa. Gonar gado yake nomawa, ba ta isar su. Muna gaisawa ya ɗaga murya, maƙwabta na ji, ya ce wa matarsa, "Hajo, ɗumo min ruwa!"

Na dube shi.

Ya ce, "Mi kaka kallo? Bature da kainai yac ce tsoho nike. Yanzu tuwona da taushi aka yin shi, furata da ruwan ɗumi, ba mai cewa komi. Surukina ma ya zo har nan ya ba ni haƙuri, wai bai san dattijo yab ba ɗiyatai ba."

"To zugin fa?"

"Shina nan. Aikin dai ab babu."

Aka kawo ruwan, ya kurɓa a hankali ta gefen baki, ya miƙo mini saura. Ban ƙi ba.

Ga abin da na koya, ku ɗauka ko ku bari. A aikin nan ciwon da ke da jini ko ruɓa shi muke kira ciwo. Wanda ke hana mutum ci da sha da dariya, ya ɓata shi da danginsa, ba mu da sunansa, ba mu da kwalbarsa. Mutanenmu kuma sun gwammace a ce musu masu girman kai da a ce musu raggaye, don haka ba za su faɗa muku ba sai kun lura da yadda suke shan ruwa. In kun lura, ku ba da abin da kuke da shi, ku yi musu maganar tsami da cizon abu mai tauri tun haƙoran na da saura. Amma ku san gaban wanda za ku sa talaka ya buɗe baki.

Nawa haƙoran na hagu sun fara tun bara. In likita ya zo rangadi, fassara kawai nake yi, ita ma ba na buɗe baki sosai.