Agogon Gottlieb Ya Ƙi Kiɗa

Shekara arba'in da ɗaya Gottlieb Faller ya yi a masana'antar agogo ta ƙauyensu a yankin Schwarzwald na ƙasar Jamus, aikinsa ɗaya tak, daidaita muryar agogo. Ya kaɗa sandar ƙarfen da ke ba da kiɗan agogo, ya kasa kunne, ya ɗan goga mata magagari, ya sake kaɗawa. Mutum ne da bai san zama ba. Ko a coci ƙafarsa rawa take yi, matarsa Hedwig ta yi ta zungurinsa har ranar da ta bar duniya. Bayan rasuwarta ne 'yarsa Irmgard ta ɗauko shi zuwa gidanta a garin Furtwangen, shi da akwatin kayan aikinsa da dogon agogonsa na tsaye wanda ya fi shi tsawo.

Da kansa ya harhaɗa agogon, wa ya isa ya sa masa hannu? Ya rataya ƙarafan nauyi guda uku masu jan injin agogon a sarƙoƙinsu, ya kaɗa lilon, agogo ya kama tafiya. Da kwatar awa ta cika kuwa, wayyo! Kiɗan ya fito da kyar kamar mai barci a baki, ya yi uku ya maƙale. Bugun awa kuma sai gaggawa, kai ka ce kora aka yi masa.

Dama Irmgard ta daɗe tana so ya bar gyaran agogon mutane, ta ce, "Baba, hannunka fa ya fara rawa. Ga naka ma ya gagare ka, ka huta mana."

"Ya gagare wa? Ke, tun ba ki san hagu da dama ba nake wannan aikin! In Lahadi ta yi ban gyara shi ba, a kai akwatin nan ɗakin tarkace, kada in ƙara taɓa agogon kowa."

To, baki dai shi ke yanka wuya.

Kwana uku gidan nan babu sakat. Ya kwance 'yan gudumomin da ke bugun sandunan kiɗa ya mayar. Ya goge tsohon mai ya ɗiga sabo. Ya tura kwali ƙarƙashin ƙafar agogon, ya cire, ya sake turawa. Miyar dankalinsa ta huce a kan tebur, shi yana ta safa da marwa tsakanin taga da agogo, yana jiran kwata ta gaba. Ta zo, kiɗan ya sake maƙalewa. Gaskiyar magana tsoro ne ya cika shi. Ya daina zargin agogon, kansa yake zargi.

Ranar Asabar da hantsi ya kasa jurewa, ya fizgi hularsa ya fita zaga gari. Irmgard ta buɗe ƙofar agogon za ta goge zanen yatsu da ya bari a jikin ƙarafan. Ta tallabi na dama, sakayau. Ta tallabi na hagu, ya kusa tsinke mata hannu. Ai ko yaran ƙauyensu sun san mafi nauyi shi ke jan kiɗa, kuma a dama yake zama. Nan take ta gane. Tsohon ya ƙare rayuwarsa a bayan agogo ne, inda sandunan suke, damarsa ita ce hagun mai kallo daga gaba. Tausayinsa ya kama ta, ta yi maza ta musanya su.

Yana shigowa rabin awa na cika. Kiɗan ya zubo tas, har ƙarshe.

Ta ce, "Ka gani, Baba? Ashe ka gyara shi, man ne bai gama ratsawa ba."

Ya nufi agogon. Ya buɗe ƙofar, ya tallabi na dama, ya tallabi na hagu, ya daɗe a sunkuye.

"'Yar nan, ƙarya ba ta karɓe ki ba. Ni na rataya su."

"Baba, ai kuskure ne, kowa na yi. Lahadin ma ba ta zo ba."

"Cewa na yi in gyara, ban ce ki gyara ba."

Ya tattara kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, ya rufe akwatin, ya rungume shi ya nufi benen hawa ɗakin tarkace. Ta miƙa hannu za ta kama masa, ya kauce. Abin da ta yi wata biyu tana roƙo ke nan, ga shi ta samu, ta tsaya a gindin benen tana kuka, tana cewa da ta sani da ta bar ƙarafan yadda ta same su.