Ranar da Baba Ya Yanka Bunsurun Littafi

A shekarar da nake koyarwa a wata firamare a Bukkuyum aka kawo mana littattafan yara masu zane, waɗanda wasu malamai 'yan jiharmu suka tsara. Ranar Juma'a da zan koma gida Gummi na ari ɗaya, irin aron da ba a mayarwa, saboda 'yata mai shekara huɗu, wadda in ta ga soso da sabulu sai ta tara mana unguwa da ihu.

Labarin wani bunsuru ne mai taurin kai. A shafin farko ya ɗaga gemu yana cewa:

Ni bunsuru ba ni wanka,
Ko a Gummi ko a Anka,
In ka ji wari toshe hancinka.

A shafin ƙarshe ƙudaje suka ishe shi, ya faɗa gulbi ya yi wanka, kowa ya huta. Darasin ke nan. Yarinyar nan ba ta taɓa bari an kai shafin ƙarshen ba. Baitin farko ta haddace, kuma shi take rera wa uwarta duk lokacin da aka ɗauko bokiti. Na kawo magani, ashe lauya na ɗauko mata.

Mahaifina malamin allo ne, ya haura saba'in, bai taɓa zama a ajin boko ba. Kowace safiya yarinyar ce ke kai masa kunu zaure, ta zauna ta shanye rabi, yana kiranta amarya tana ja masa gemu. Wata safiya ta tafi da littafin don ta nuna masa gwaninta, ta manta shi a kan buzunsa. Ba a jima ba ya aika a kira ni.

"Kai, mi kak kawo muna?" in ji shi. "Ba ka san mala'iku ba su shiga gidan da ad da hoto ba?"

Na tuna talabijin ɗin ɗakina da kalandar da ke rataye a ɗakin Inna, mahaifiyata. Na durƙusa na ce, "Allah shi gahwarta Malam, na yara na, tsabta shika koya musu."

Ya yi ta juya shafuka. Can ya ce akwai mafita: in an raba kai da gangar jiki, hoto ya tashi daga hoto. Ya jawo tawada da alƙalamin kara, ya bi bunsurun nan shafi bayan shafi yana ja masa baƙin layi a wuya, kowanne da bisimilla. Ƙudajen kaɗai suka tsira, don bai gano inda wuyansu yake ba.

Da yarinya ta buɗe littafinta, ihun da ta yi ya fi na wanka. "Kaka ya yanka man bunsuru!" Daga ranar ta daina kai kunu. In ta hango shi sai ta juya masa ƙeya. Ya aiko da dabino, ta ci dabinon, ba ta je ba.

Kwana uku tsohon nan yana mayar da kunu ko rabi bai sha ba. Da ya shigo cikin gida yana tambayar ina amarya, Inna ta ce, "Kai da kay yanka mata dabba, ko tsoka ba ka ba ta ba?" Kowa ya yi dariya ban da shi. Ni ma na yi, amma da na ga yadda yake leƙen ƙofa duk lokacin da ya ji takun yaro, sai tausayinsa ya kama ni.

A rana ta huɗu ya ce in kawo littafin. Na zaci wuta za a sa masa. Sai na ga ya sake jawo tawada. Daga kowane layin wuya ya ja igiya, ya kai ta ƙasa, ya zana turke. Turakun suka fito kamar rogo. Har a shafin gulbi sai da ya kafa turke a tsakiyar ruwa. Sannan ya sa aka ɗauko ta, tana turjewa.

"Amarya, zo ki gani. Ba yanka shi niy yi ba, ɗaure shi niy yi don kar shi ɓace."

Na sunkuyar da kai, don na san da bisimillar yanka aka ja layin. Ta karɓa ta duba shafukan ɗaya bayan ɗaya, fuska a murtuke. Sai ta miƙa masa ta ce, "To karanta."

"Ni ban iya wanga rubutu ba," in ji shi. "Ke biya man."

Akwai magidanta uku a zauren, sun zo ɗaukar karatu, littattafansu a buɗe. Ta hau cinyarsa ta ɗora yatsa a kan shafi. "Ce: ni bunsuru ba ni wanka."

Baba ya dubi magidantan, suka dubi tabarma. Mutumin nan bai taɓa sassauta mini hukunci ko sau ɗaya ba tun ina yaro, kuma ba zan ɓoye ba, na ji kishi. Ya gyara murya ya faɗa a hankali.

"Ban ji ba," in ji ta.

Ya sake faɗa, da ƙarfi.