Gayyar da Ban Kira Ba

A shekarar da wayar hannu ta fara shigowa garin Lafiya, na faɗi da mashin a hanyar Agyaragu, ƙafata ta dama ta karye. Mai ɗori ya ɗaure ta, ya ce kada in taka ƙasa sai ya ba ni izini. Lokacin damina ta zo ƙarshe. Duk manomin doya ya san abin da wannan ke nufi: ana tara kunya ne tun ƙasa tana da laushi. In ta bushe garma ba ta shiga, baɗi kuwa babu doya. Gonata tana hanyar Adogi, ita ce abincin gidana, ni kuwa ina kwance a tabarma.

Mafita ɗaya ce, gayya. Ita kuma gayya tana da tsarinta. Mai gona ne yake kira. Da safe ya ba da kunu, da rana ya fitar da tuwo da miya mai nama, daga gidansa, a kwanukan matarsa. Wanda ba zai iya ciyarwa ba, ba ya kira. Ni dattijo ne a ikilisiyarmu, kuma na sha faɗa wa matasa haka. To, hatsin rumbuna ya tafi wajen jinya, akuya ma ta bi shi. Sai ban kira kowa ba. Duk wanda ya tambaye ni gona, in ce ana shiri.

Wata Lahadi matata ta dawo daga sujada ta ce Fasto ya yi sanarwa, ran Asabar maza za su je gonata.

Na ce, "Wa ya kira su? Da me za mu ciyar da su?"

Ta ce, "Ni dai saƙo aka ba ni, Baban yara."

Ran Asabar da sassafe na ji daka a bayan gida. Na ja jiki na leƙa ta taga. Matan zumuntar cocinmu ne. Wata ta zo da garin masara, wata da manja, wata da kaji a ɗaure. Shugabarsu, wata tsohuwa 'yar Keana, tana kwance ƙullin gishirin garinsu. Coci yana da manyan tukwane da kuloli, amma ba su ɗauko ba. Tukwanen matata suka ɗora a murhunta, suka sa ta fito da duk kwanukanta.

Daga nan aka ɗauke ni kamar buhu, aka sa a bayan a-kori-kura, domin mai gona ba ya rasa gayyarsa. Aka zaunar da ni a gindin mangwaro. Aka sha kunu, aka kama aiki. Da rana ta take, matata ta shigo gona da daro a kanta, sauran matan suna bayanta kamar masu taya ta ɗauka kawai.

Maza suka zauna suka ci. Wani direba mai yawan barkwanci ya ɗaga cinyar kaza ya ce, "Dattijo, ashe ƙafa ce kawai ta karye, tukunya tana nan lafiya!" Aka yi dariya. Wani ya ce, "Mai gona, mun gode, Allah ya mayar da ninki." Kowa ya amsa da amin.

Ban taɓa jin nauyi irin na lokacin ba. Ana gode mini a kan tuwon da ko gishirinsa ba nawa ba ne. Na gyara murya zan faɗi gaskiya. Tsohuwar tana kusa da ni tana zuba ruwa a moɗa. Ba ta ko dube ni ba, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ɗana, rufe bakinka."

Na ce, "Mama, ai ba daidai ba ne."

Ta ce, "A murhun wa aka dafa? Kwanon wa ne a hannunsu? Ka yi musu sannu, ka bar mutane su koma aiki, ƙasa tana bushewa."

Na ɗaga murya na ce, "Sannunku da aiki, 'yan'uwa." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Ta tura mini kwano gabana, na ci kaina a sunkuye.

Kafin la'asar sun gama. Layukan kunyar ba su miƙe ba, wasu ma sun karkace sosai. Ni mutum ne da nake sa a rushe layi a sake in ya kauce. Ranar na bar su yadda suke. Ruwa bai sake sauka ba a shekarar. Da ƙafata ta warke, a kan waɗannan karkatattun layukan muka dasa iri, daga cikinsu kuma gidana ya ci doya.