Ƙayar Kurungu da Lomar Tuwo

Har yau idan ƙamshin bandar kifi ya bugi hancina, sai ƙanena ya faɗo mini a rai.

A wata tungar masunta na tashi, bakin ruwa, ƙasar Ngaski. Idan ruwa ya ja baya kifi yakan yi yawa, mu yara mu ci har mu ture. A irin wannan lokacin ne ƙayar kifin kurungu ta maƙale wa ƙanena a maƙogwaro. Kun san yadda ake yi a wurinmu: a gutsuro tuwo, yaro ya haɗiye ba tauna, wai ya tura ƙayar ciki. Kaka ta ba shi, ta ƙara, ta sake ƙarawa. Inna na tsaye da kwanon ruwa, amma ba ta da bakin hana uwar mijinta.

Kafin a ankara wuya ya kumbura, ko miyau ba ya wucewa. Wanzami ya leƙa, ya ce ƙarfensa ba ya kaiwa can. Baba ya kwantar da shi a kwalekwale suka nufi asibitin Yelwa. Ina bakin gaɓa ina jin numfashinsa kamar ana jan zarto. Ba su kai ba, a hanya ya cika.

Bara sai ga autata tana cin gasasshen kifi, ta dafe wuya. Maƙwabciyata har ta gutsuro tuwo. Ni da ban iya musu da kowa ba, na riƙe mata hannu.

"Yi haƙuri, Yaya. Ba za ta ci ba."

A asibiti likita ya tambaya ko an ɗura mata wani abu. Na ce a'a. Ya ce madalla, da an cika mata ciki sai an jira. Suka yi mata allurar barci, suka zura wata siririyar roba mai fitila da ido ta bakinta. Ina waje ina salati. Ba yanka, ba ɗinki. Likita ya fito ya miƙo mini ƙayar a kan auduga. Ba ta kai farcen ƙaramin yatsana ba.

A tungarmu har yanzu ana ba da lomar nan, ina ta faɗa musu a hankali su daina. Ƙayar kuwa na kai wa Inna, wadda yanzu tsufa ya zaunar. Ta daɗe tana juya ta a tafin hannu.

"Iyakarta ke nan?"

Na ce iyakarta ke nan, Inna. Ta ƙulle ta a haɓar zaninta.